Injin Hamza, Hannun Dije

Tsafe, farkon Satumba

Zuwa ga Kawu Mahadi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Hajiya Balkisu da yara. Yaya ƙafar nan taka, ta bar kumburin? Mu nan alhamdu lillahi. Inna, mahaifiyar Hamza, ta fara cin abinci sosai, sai dai har yanzu in mota ta tsaya a ƙofar gida takan ɗaga kai.

Ka ga takarda maimakon kira. Tun da aka ɗauke sabis a jihar nan salula ta zama fitilar hannu, ni kuma takaba ta hana ni hawa hanyar Gusau. Umaru mai mota ya ce zai riƙa kai maka har shago, ya dawo mini da amsa.

Maganar injin Hamza ce, firintar nan da ke narka zaren roba tana gina abu hawa-hawa. Ka fi ni saninta, tunda moto huɗun da ke jikinta, ƙananan injinan da ke motsa sassanta, daga matattun injinan fotokofi na shagonka ya ciro su. Kafin 'yan bindiga su tare shi a hanya su kashe shi, ya auna hannun Dije, matar Jibo, mai kawo mana nono daga rugarsu ta bayan 'Yandoto. Bara ne bel ɗin injin niƙa ya cinye mata yatsu huɗu na hannun dama, ya bar mata babban kaɗai. Hamza ya zana mata yatsun roba da za su damƙe in ta lanƙwasa wuyan hannu, ya zuba zanen a memori, ya ce ta ɗan ba shi lokaci. Bai samu lokacin ba.

Jiya Dije ta zo gaishe mu. Kasuwa a rufe, shanunsu sun kusa ƙarewa, Jibo ya yanke cewa bayan Mauludi za su tashi su koma wajen danginsa can gefen Furfuri. Ba ta tambayi yatsun ba. Ta dai dubi ƙofar ɗakin Hamza, sannan ta ja mayafi ta rufe hannun. Kawu, wannan rufewar ta tsaya mini a rai. Na yi niyya ba za ta bar garin nan da alkawarin mijina a buɗe ba.

Ga inda matsalar take. Bayan sadakar bakwai Inna ta shiga gyaran ɗakin. Ta ga wayoyi barkatai, sai ta zare su duka daga allon lantarkin injin, ta kitse su tsaf kamar kan amarya, ta ɗaure da tsumma don kada ɓera ya ci. 'Yan direbobin nan huɗu, ƙananan allunan masu ƙafafu da ke ba moto wuta taku-taku, su ma ta cire su ta adana a gwangwanin madara. Yanzu kowane moto na da waya huɗu, kowane da irin kalolinsa, ban san wace ke zuwa ina ba.

Na iya narka dalma, na iya karanta mita, Hamza ya koya mini. Abin da nake roƙo shi ne ka rubuto mini yadda ake gane wayoyin da yadda ake zaunar da direba. In kana da direba ɗaya na ƙari ka haɗo da shi.

'Yarka,
Maijidda

Tudun Wada, Gusau

Ɗiyata Maijidda,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ƙafa da sauƙi muddin ban daɗe tsaye ba. Hajiya na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci ke ma, ba Inna kaɗai ba. Allah ya ƙara muku haƙuri.

Kitson wayoyi ya ba ni dariya har na ajiye tabarau. Daga baya dariyar ta tsaya, don na tuna mai wayoyin.

Bari in yi miki magana ba kwana-kwana. Ni da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙane ne, ina da bakin faɗa miki. Ki bar aikin nan. Ki naɗe injin, in kin fita takaba Umaru ya kawo mini shi in ajiye.

Hamza ya girma a shagona. Ni na koya masa riƙon sukundireba, ni kuma na je bakin titi na ɗauko shi. Tun daga wannan rana, nono bai ƙara shiga gidana ba, fura ma da ruwa nake sha. Ban ce Dije ce ta riƙe bindiga ba. Amma daga daji suka fito, daji suka koma, kuma ban ji wani na ruga ya zo ya ce ga su wane ba. Hannuna ba zai shiga wannan aiki ba.

Sannan ki dubi lokacin da muke ciki. Ana farautar masu kai wa 'yan daji rahoto. Ga mace mai takaba da inji mai wayoyi da batir a ɗaki, ga matar ruga tana shiga tana fita. Baki ɗaya ya isa a ce na'urar magana kike haɗa musu. Wa zai tsaya ya saurari bayanin yatsun roba?

To, na san ki. Tun kina ƙarama in an ce kada ki taɓa, nan hannunki yake zuwa. Don haka ga wannan, ba don Dije ba, don kada ki lalata allon da yaron nan ya sha wuya kafin ya same shi. Kowane moto koyil biyu ne a cikinsa, wato naɗin waya biyu, kowane koyil waya biyu. Kada ki bi kala, masu ƙera su ba su yi shawara da juna ba. Ki haɗa kan waya biyu wuri ɗaya ki murza ƙarfen moton da yatsa. In ya yi tauri, koyil ɗaya suka fito. In ya juya sakwa-sakwa, ki gwada wata. Ki jera su biyu-biyu a gurbin da ke gefen direba, 'yan koyil ɗaya kusa da juna.

Direba kuma yana da gaba da baya. Kowace ƙafa da rubutunta, a allon ma akwai, ki daidaita su. In kika zaunar da shi a juye, hayaƙi ɗaya zai yi ya mutu.

Na ƙari ba ni da shi. Ko ina da shi, kin ji matsayina.

Kawunki,
Mahadi

Tsafe, tsakiyar Satumba

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. An fara yankan gero nan. A gaida Hajiya, a ce na ji kuma ina ci.

Na karanta wa Inna takardarka tun daga sama har ƙasa, ban tsallake komai ba. Ta ce in rubuta maka amsarta yadda ta fito daga bakinta, ga ta: "Hwaɗa ma Mahadi ni na haihi Hamza, ba shi ba. Da nonon gidansu Dije anka yaye shi. In ya bar sha, cikinai na, ba ruwana."

Ni kuma ga tawa. Kai ka ɗauko shi daga titi, Allah ya saka maka. Ni ce nake kwana a ɗakin da babu shi. In akwai mai ikon ƙin jinin duk wanda ya fito daga daji, ni ce, kuma na duba zuciyata ban ga Dije a cikin masu laifin ba. Hamza da kansa ya durƙusa a tsakar gidan nan ya auna dungulmin hannunta yana tsokanarta. Ba zan fi shi fushi a kan mutuwarsa ba har in karya masa magana.

Zancen bakin mutane kuwa, na riga su. Na sa an kira mai unguwa, ya shigo da dattawa biyu, na buɗe musu ɗakin, na nuna musu zakaran robar da Hamza ya taɓa bugawa. Mai unguwa ya juya zakaran ya ce, "Wanga dai ba ya kiran kowa." Duk mai son ƙarin bayani ƙofa a buɗe take.

Dabararka ta yi. Na warware kitson Inna, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfen ya yi tauri a yatsana na farko sai da na yi kabbara. Na zaunar da direbobin, na duba rubutun ƙafafun har idona ya yi ruwa. Na kunna. Babu hayaƙi.

Moto uku suna bin umarni: mai kai kan inji hagu da dama, mai ɗaga shi sama, da mai tura zaren roba. Na huɗun, mai jan farantin gaba da baya, shi ne ɗan gardama irin na gidanmu. In na ce gaba sai ya yi baya, har ya kai bango ya tsaya yana gurnani. Kuma direbobin suna zafi, in na ɗora yatsa ba na iya barinsa.

Yaya ake juya moto? Yaya ake rage zafin? Ka ce hannunka ba zai shiga ba, na yarda. Alƙalaminka kawai nake so.

'Yarka mai taurin kai,
Maijidda

Tudun Wada, Gusau

Maijidda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki gaya wa Inna saƙonta ya iso, kuma cikina yana nan lafiya da ruwansa.

Ki karanta wannan layi kafin ki taɓa komai, don wancan karon na manta ban sa shi ba. Kada ki kuskura ki zare wayar moto ko ki soka ta alhali akwai wuta a allon. Ki kashe, ki cire kan batir, ki jira ɗan jan hasken nan ya mutu. Koyil yana riƙe wuta, in aka zare shi a kunne sai ya mayar wa direba da ita gaba ɗaya. Na ga manyan masu gyara sun yi asarar direba ta nan.

In kin kashe, juya moto ba wuya. Ki ɗauki wayoyi biyu na koyil ɗaya ki sauya musu gurbi, ki bar ɗaya koyil ɗin yadda yake.

Zafin kuwa, wutar ce ta yi yawa. Kowane direba na da ɗan mitsitsin sukuru a bayansa. Ki sa baƙin kan mita a ƙasan allon, ja a kan sukurun, ki murza a hankali har ki ga kamar rabin bolt. In moto ya fara tsallake taku ki ƙara kaɗan. Ki manna musu 'yan ƙarafan shan zafi, ki sa fanka ta fuskance su. Kuma na san Inna, duk abin da take ganin darajarsa sai ta lulluɓe shi da zane. Ki hana ta, allon na bukatar iska.

Kada ki ɗauka na sauka daga maganata. Mai unguwa ɗaya ba shi ne garin Tsafe ba.

Kawunki,
Mahadi

Tsafe, ƙarshen Satumba

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita. Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru ba akasinta ba, Umaru dai ya ce ya gan ka zaune a shago kana cin gyaɗa.

Ya zo ya sake zuwa, kullum hannu rabbana. Na jira har na ji kunyar aika a tambaye shi. Dije ta leƙo ranar Juma'a, ta ce Jibo ya sayar da ragowar awakinsu. Mauludi na matsowa. Sai na ce tunda Kawu ya rufe baki, bari in yi amfani da kaina.

Na lura in aka sauya wayoyi biyu moton zai juya. Na ce bari in gwada in gani da idona, inji na kunne, don in san wace ce daidai. Ina zare wayar na ji ƙas, sai ɗan siririn hayaƙi da warin ƙonanniyar roba. Direban ya mutu, Kawu. Na sa shi a wani gurbin, shiru. Na sa wani a nasa gurbin, moton ya tashi, kuma yanzu yana tafiya daidai. Ka ga na gano amsar, amma da direba na saye ta.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar jana'iza.

Ba zan ɓoye maka abin da ke raina ba. Ka san wannan tarkon. Ba yadda za a yi mai shekara talatin yana gyara bai san shi ba. Layi ɗaya ya isa ka tsare ni, ka zaɓi ka yi shiru inji ya yi maka aikin da bakinka ya kasa. In haka ne, ka yi nasara a kan direba ɗaya. A kaina ba ka yi ba tukuna.

Saura uku, moto huɗu. Ban san yadda zan yi ba, amma injin nan ba zai hau motar Umaru ba.

Maijidda

Tudun Wada, Gusau, farkon Oktoba

Maijidda,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, sai dai takardarki ta hana ni karin kumallo.

Ni kike cewa na yi shiru? Ni da na sa gargaɗin nan a layin farko, na ba Umaru da hannuna tun kafin a gama yankan gero? Kin karanta kin yi gaban kanki kamar yadda kika saba, yanzu kin ƙona kin juyo kina neman wanda za ki ɗora wa. Ni Mahadi in bar allon Hamza ya ƙone da gangan! Da wani ne ya faɗa mini wannan magana da ba zan ƙara amsa sallamarsa ba.

An dawo mana da sabis a cikin Gusau, ko da yake na ji ku har yanzu babu. Ina iya ɗaga waya yanzu in sa a aiko mini direba daga Kano. Ina gaya miki ne don ki san ba rashin hanya ba ne. Ba zan kira ba.

Inji mai direba uku gawa ne. In babu mai ɗaga kai, robar za ta taru wuri ɗaya ta zama dunƙule. In babu ɗaya daga sauran, ba ma a fara ba. Kin yi iyakar ƙoƙarinki, Allah ya gani, ya kuma raba gardama. Ki ba matar haƙuri, ta tafi da hannun da Allah ya bar mata.

Ki gaida Inna.

Mahadi

Tsafe, bayan Mauludi

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan an yi Mauludi lafiya, ƙafa kuma na ƙara sauƙi. Mu lafiya, sai wuyan hannun Inna da ke ɗan ciwo, za ka ji dalili.

Takardunka biyu rana ɗaya suka zo. Umaru ya shigo yana sosa ƙeya. Wai a wani shingen bincike ya cusa ta farkon ƙarƙashin kujera, bai sake tuna ta ba sai da yara suka wanke motar. Na karanta layin farko na ga gargaɗin. Zargin da na yi maka na janye shi, ka yafe mini. Sauran maganganuna duk suna nan inda na ajiye su.

Ka ce inji mai direba uku gawa ne. Na zauna ina kallon gawar. Moto uku ba sa hutawa, amma mai ɗaga kai fa? Sai an gama hawa guda yake ɗan motsawa, sannan ya koma ya zauna kamar mai gadin kasuwa. Na ce aikin wannan ai mutum ma zai iya.

Na ba sauran ukun direbobin, na daidaita musu wuta da mita yadda ka rubuta, na sa fanka. Na bar gurbin mai ɗaga kai babu kowa. Dogon ƙarfen nan mai zare da yake murzawa, na auna na ga juyi ɗaya cikakke yana ɗaga kan inji hawa biyar. Sai na ɗauko murfin kwanon Inna, na huda tsakiyarsa, na ɗaure shi da noti a saman ƙarfen. Na raba bakinsa biyar da jan farcen da takaba ta hana ni shafawa. Na kafa ƙusa a gefe ta zama manuni. Ɗan makunnin da ke gaya wa allo an sauka ƙasa, da yatsa nake danna shi, allon bai san an yaudare shi ba. Duk sanda lambar tsawo ta sauya a gilashin inji, sai a murza murfin daga ɗigo zuwa ɗigo.

Na farko ya fito kamar tuwon da aka taka. Na biyu ma. Na uku ya fito yatsa.

Da rana kawai muke yi, saboda sola. Ba a tashi, ba a duban ƙofa. Da lokacin azahar ya yi ranar farko na rasa yadda zan yi, sai Inna ta jawo kujera ta ce, "Tashi ki yi salla. Murhina na, na hi ki sanin shi." Tun daga nan muke karɓa-karɓa. Kawu, matar da ba ta iya shiga ɗakin nan sai da hawaye, ita ce take zaune tana ƙirga ɗigo tana yi wa inji faɗa in ya yi nawa. Tafin hannun ya ci mana wuni cur. A ɗan ƙaramin yatsa za ka ga wani layi da ya buɗe, nan ne aka yi sallama a ƙofa da murya irin ta Hamza, Inna ta murza ɗigo biyu.

Na ce za ka gani, don wannan takarda ba Umaru ne ya kawo maka ita ba. Ka dubi hannun da ya miƙo maka ita.

Yau suke tashi, a Gusau za su sauya motar Bungudu. Na zura zaren kamun kifi a yatsun, na ɗaure da ƙulli, amma ƙulli yana saki. Tana iya riƙe takarda, ba ta iya riƙe ludayi. A zanen Hamza akwai ramuka huɗu a bayan wuyan hannun, na ƙananan sukurori masu ja zare. Na zazzage ɗakin nan babu su, Tsafe ma babu. Na san inda suke. Suna cikin gwangwanin alewar nan da ke ƙarƙashin teburinka.

Na gaya wa Dije duk abin da ka rubuta a kanta, ban rage ba, don kada ta shigo maka a makance. Ta ce za ta zo. In za ka kore ta, ka kore ta. Amma sai ka dube ta tukuna.

'Yarka,
Maijidda

Tudun Wada, Gusau

Ɗiyata Maijidda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. A shafa wa Inna man zafi a wuyan hannun.

Ke ba ki da kunya. Wannan na fara rubutawa, don kada ya ɓace a cikin sauran.

Da hantsi suka iso. Jibo ya tsaya a waje da ƙullin kayansu, ko inuwar rumfa bai shiga ba. Ita ta yi sallama ta tsaya a bakin tebur. Ban amsa da ƙarfi ba. Ta fito da hannu daga mayafi, ta lanƙwasa shi, korayen yatsun roba huɗu suka miƙo mini takarda. Na bar ta tsaye na karanta har ƙarshe. Maƙwabtana masu shago sun leƙo, na san abin da suke jira su gani.

Fuskarta ban duba ba, hannun na duba. Murfin kwano! Shekara talatin ina wannan sana'a ban taɓa jin rashin hankali irin wannan ba. Na bi hawan da farcena tun daga tafi har kan yatsu, suna nan a jere kamar inji ne ya ɗaga su. Na iso layin Inna na tsaya. Na daɗe a nan.

Na jawo gwangwanin. Sukurorin suna cikin 'yar leda, an ware su, guda huɗu. Ba ni na ware su ba. Ashe ranar da Hamza ya zo Gusau ta ƙarshe su ya zo ɗauka, muka shiga hira ya tashi ya bar su.

Na ce ta zauna. Na kwance ƙulle-ƙullenki, waɗanda ko akuya ba za su riƙe ba, na ja kowane zare na ɗaure a sukurunsa. Layin Inna na cike shi da gam. Na ajiye sukundireba na ce ta ɗauka. Ta ɗauka. Na ajiye filaya, ta ɗauka. Sai ta ce, "Malam, Hamza ya ce mani zan koma dama hura da dama. Na ɗauka tausai na kawai."

Hajiya ta ji labari ta aiko a shigo da su ciki, kin san ba a yi mata musu. Ta kawo fura da ruwa kamar yadda aka saba kawo mini. Jibo ya kwance 'yar gorar nono da suka riƙo don hanya, ya ajiye gefen tabarma. Dije ta zuba, ta damƙi ludayi da yatsunku. Ya kuɓuce mata, ta sake damƙa. Ta dama har ta yi laushi, sannan ta turo ƙwaryar gabana.

Na sa su a motar Bungudu da kaina, na ba su sunan ƙanena a Furfuri, in zare ya saki shi zai kawo mini ita. Na kira Kano, direba biyu na hanya. Kada ki ce na sauka daga komai, ba na son ganin murfin abinci a kan inji ne kawai. In sun iso, ki kashe wuta kafin ki sa.

Nonon ya ɗan yi tsami, ya sha rana a mota. Ki gaya wa Inna na sha. Ki ce mata na ƙara.

Kawunki,
Mahadi